Yadda aka buɗe ƙofar wayar hannu ga masu rubuta manhaja

Matashin da ya zauna yau da ƙaramar kwamfutarsa yana son koyon haɗa manhajar waya, abu na farko da zai tambaya shi ne wane harshen kwamfuta zai fara da shi. Ba zai tambaya ko an yarda ya rubuta ba. Amma shekaru kaɗan da suka wuce wannan ce babbar tambayar, kuma amsar da aka ba ta a tsakanin 2007 da 2008 ita ce ta tsara sana'ar har zuwa yau.

Kafin wannan lokacin, waya mallakar mai ƙera ta ce da kamfanin sadarwa. Wasan maciji da da yawa daga cikinmu suka fara sani a wayar Nokia, wanda Taneli Armanto ya rubuta ya fito a Nokia 6110 a 1997, daga masana'anta ya zo a ciki. Daga baya kamfanin Sun ya fito da wani ƙaramin nau'in harshen Java don wayoyi, sai mutanen waje suka samu 'yar kafa. Sai dai kafar ta yi ƙunci. Abin da ya yi aiki a wata waya sai ya ƙi a wata, domin allo da maɓallai da ƙwaƙwalwa sun bambanta. In kuma ka gama, sai ka bi ta hannun kamfanin sadarwa kafin ka kai ga mai saye, shi ne zai ce e ko a'a, shi ne kuma zai ɗauki babban kaso.

Mutane da yawa suna zaton iPhone ce ta rushe wannan tsari tun ranar da ta fito. Ba haka aka yi ba. Wayar da Steve Jobs ya nuna ranar 9 ga Janairun 2007, aka fara sayarwa ranar 29 ga Yuni, a kulle take ruf. Duk manhajojin cikinta Apple ne ya rubuta su. A taron masu rubuta manhaja na watan Yunin shekarar, Jobs ya ce wanda yake son yin wani abu don iPhone ya yi shi a matsayin shafin intanet da za a buɗe ta Safari. Tsoronsa shi ne kada baƙin manhajoji su lalata wayar ko su cutar da hanyar sadarwa. Tsoro ne mai tushe, amma masu sana'ar sun ɗauki tayin a matsayin an ba su zaure an hana su cikin gida.

Ba su jira ba. Cikin 'yan makonni wasu suka gano yadda ake ɓalle makullin wayar, suka fara rubuta wasanni da kayan aiki suna rabawa a tsakaninsu, ba tare da wani littafin jagora ba. A cikin kamfanin ma akwai masu matsa wa Jobs lamba, irin su Phil Schiller da Art Levinson. A watan Oktoban 2007 ya sauya ra'ayi a fili. Ranar 6 ga Maris 2008 Apple ya saki kayan aikin rubuta manhaja, aka sauke su fiye da sau 100,000 cikin kwana huɗu. Ranar 10 ga Yuli aka buɗe App Store da manhajoji kusan 500.

Sharuɗɗan da aka gindaya a lokacin su ne abin dubawa. Ka biya dala 99 a shekara, ka rubuta a kan kwamfutar Mac, ka miƙa aikinka Apple ya duba ya amince, sannan a kowane ciniki ka ɗauki kashi 70 ya ɗauki 30. A 2008 wannan rabo ya yi wa masu rubutu daɗi ƙwarai, domin sun san abin da kamfanonin sadarwa suke ci a da. Wani mutum guda, Steve Demeter, da ya fara wasansa Trism a kan wayoyin da aka ɓalle, ya samu kusan dala 250,000 cikin wata biyu da sa shi a kasuwar. Labarai irin wannan ne suka jawo dubban mutane, ko da yake mafi yawansu ba su ga ko kusa da haka ba.

Google ya bi wata hanya. Ya sayi kamfanin Android na su Andy Rubin a 2005, ya saki kayan aikinsa a Nuwamban 2007 tun babu wayar da za a gwada su a kai, ya kuma sa gasar dala miliyan 10 don jawo masu rubutu. Wayar farko, HTC Dream, ta fito a Oktoban 2008 tare da Android Market, wanda ya koma Google Play a 2012. Kuɗin rajista dala 25 ne sau ɗaya tak, ana iya aiki da kowace irin kwamfuta, kuma mai waya yana iya sa manhaja ko ba ta kasuwar ba. Wannan bambanci, haɗe da yawan wayoyin Tecno da Infinix da itel a hannun jama'a, shi ya sa mai farawa a Kano ko Maraɗi kusan kullum da Android yake farawa.

Kayan aikin sun yi ta sauƙi tun daga nan. Swift ya zo a 2014 ya rage wa mutanen Apple wahalar Objective-C, Google ya karɓi Kotlin a 2017, React Native da Flutter kuma suka ba da damar rubutu sau ɗaya don wayoyin biyu.

Mai gadin ƙofa dai bai tashi ba, suna kawai ya canza. Kashi 30 ɗin da aka yi wa tafi a 2008 shi ne ya kai Epic Games da Apple kotu a 2020, kuma a ƙarshen shekarar Apple ya sanar da rage shi zuwa 15 ga masu samun ƙasa da dala miliyan ɗaya a shekara. Google ma, da aka sani da sakin fuska, ya ƙara tsanani. Tun Nuwamban 2023, wanda ya buɗe sabon asusu da sunan kansa sai ya tara mutum 20 su gwada manhajarsa na kwana 14 kafin a bar shi ya fitar da ita kasuwa. Daga baya aka rage adadin zuwa 12.