Cholmondeley: suna mai baƙaƙe 12 da ake kira "Camli"

Jama'a, akwai sunayen Ingila da ke yi wa mai karanta labarai tarko, kuma Cholmondeley na sahun gaba. A rubuce baƙaƙe 12 ne, amma Ingilishi "Camli" suke cewa kawai. Wanda ya bi rubutun ya karanta, mai sunan ba zai ma waiwayo ba.

Asalinsa sunan wani ƙauye ne a yankin Cheshire, arewa maso yammacin Ingila. A tsohon Ingilishi kalmomi biyu ne aka haɗa: Ceolmund, sunan mutum, da "leah", wato fili da aka share cikin daji. Ma'anarsa ke nan filin Ceolmund. Ƙauyen yana cikin littafin Domesday, ƙidayar filaye da sarki William ya sa aka yi a 1086.

Daga baya masu ƙasar suka ɗauki sunan garin ya zama na zuri'arsu, kamar yadda mu ma muke kiran mutum da garinsu. A hankali baki ya taƙaita shi, rubutu kuwa bai motsa ba.

Masu sunan ba su da yawa, amma gidan sarauta ne. David Cholmondeley ya riƙe muƙamin babban jami'in fadar sarauniya Elizabeth daga 1990 zuwa 2022.