Magani Ne Ya Yi Aiki Ko Dace Aka Yi? Darasi Daga Madarunfa

Duk uwar da ta taɓa kai ɗanta gidan likita a Droum ko cikin garin Zinder ta san wannan gardama. Wata ta ce an yi wa ɗanta rigakafi amma sai da ya yi zawo, wata ta ce nata ba a yi masa ba kuma ga shi garau. Duka biyun gaskiya suka faɗa, sai dai labarin yaro ɗaya ba ya raba gardama, domin yaro kan warke ko da ba a ba shi komai ba. Tambayar ita ce, ta yaya za a gane aikin magani daga abin da dace kawai ya kawo?

Amsar ta samo asali ne daga gona. A 1919 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Ronald Fisher, ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted, inda ake son sanin ko taki ne ya ƙara amfani ko kuwa ƙasar ce mai kyau tun asali. Shawararsa ita ce a raba filaye da ƙuri'a, sannan a fara da zaton cewa takin bai yi komai ba, a lissafa sau nawa dace kaɗai zai iya kawo bambancin da aka gani. A littafinsa na 1935 ya ba da misalin matar da ta ce tana iya gane ko madara aka fara zubawa a kofi ko shayi. A ba ta kofi 8, huɗu na kowane iri. In cinta take yi, sau 1 cikin 70 ne za ta dace da dukansu. A 1948 likitocin Birtaniya suka bi wannan hanya wajen gwada maganin tarin fuka a kan marasa lafiya 107, daga nan ta zama ma'aunin da duniya ke bi.

Wannan ma'auni ya zo har ƙasar Hausa. Tsakanin 2014 da 2015, ƙungiyar likitoci ta MSF da cibiyar bincikenta Epicentre, tare da ma'aikatar lafiya ta Nijar, suka gwada wani rigakafin zawon jarirai a Madarunfa da ke jihar Maraɗi. Kamfanin Serum na Indiya ne ya haɗa shi domin ƙwayar cutar da ake kira rota, kuma yana jure zafi, abin da ke da muhimmanci a ƙauyen da ba firiji. Ana ɗiga shi a baki sau uku, a sati na 6, na 10 da na 14. Ƙuri'a ce ta zaɓi wanda zai samu rigakafin da wanda zai samu wani ruwa mai kama da shi, kuma uwa da ma'aikacin lafiya ba wanda ya san wanne aka ba yaro.

Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi da su, an samu zawo mai tsanani na wannan ƙwaya sau 118. Malam, ga inda lissafin yake. Da rigakafin ruwa ne kawai, 118 ɗin nan za su rabu kusan biyu, wajen 59 a kowane ɓangare, kamar ka jefa kuɗin ƙarfe sau 118 kana ƙirga gaba da baya. Ba lallai a samu 59 cif ba, amma sau 95 cikin 100 adadin zai faɗa tsakanin 48 da 70. Abin da aka samu kuwa shi ne 31 a ɓangaren rigakafi, 87 a ɗaya ɓangaren. Yiwuwar dace ya kawo irin wannan rata ba ta kai 1 cikin miliyan ba. Sai aka yi watsi da zaton farko, aka ƙiyasta cewa rigakafin ya rage zawo mai tsanani da kashi 66.7 cikin 100. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

A lura, yara 31 sun kamu duk da rigakafin. Uwar kowannensu tana da hujjar cewa bai yi ba, amma iyayen yaran da suka tsira, fiye da 50, ba su ma san an kare musu komai ba. Lissafi ne kaɗai ya gan su.

Ma'aunin ba kullum yake cewa "e" ba. A wannan yanki dai, daga 2012 zuwa 2013, an gwada ba wa yara masu tamowa mai tsanani maganin amoxicillin a kan abincin da ake ba su. Cikin 1,199 da suka sha, 790 sun murmure. Cikin 1,200 da ba su sha ba, 752. Ido zai ce maganin ya yi nasara da yara 38. Lissafi ya nuna cewa dace kaɗai na iya kawo haka kusan sau 1 cikin 10, alhali al'adar masu bincike ita ce sai yiwuwar ta gaza 1 cikin 20 kafin a ce an tabbatar. Hukuncin shi ne ba a tabbatar ba, wanda ya sha bamban da cewa maganin banza ne, domin a binciken nan an ga waɗanda suka sha sun fi ƙarancin buƙatar a kwantar da su a asibiti.

Akwai kuma inda aka ɓata rawa da tsalle. Lokacin annobar sanƙarau ta 1996 a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada Trovan a kan yara kimanin 200, 11 suka rasu, 5 a ɓangaren sabon maganin, 6 a ɗayan. Tsakanin 5 da 6 ba hukuncin da lissafi zai yanke, kuma iyaye da yawa sun ce ba a nemi yardarsu ba. Tabon nan yana cikin abin da aka riƙa ambata lokacin ƙin rigakafin shan inna a 2003. Lissafi ba ya maye gurbin amana.

Mu a Damagaram ba baƙi ba ne ga wannan aiki. Tun 2010 aka raba ƙauyuka 48 na yankin Matamaye da ƙuri'a domin gano hanyar da ta fi dacewa ta rabon maganin ciwon ido na amodari. 'Ya'yanmu ne ake ƙirgawa, don haka ya kamata su iya karanta ƙirgar.

Malamin makaranta ba ya buƙatar kwamfuta. A ba kowane ɗalibi ƙarfen dala biyar ya jefa sau 118, ya rubuta sau nawa gaba ya fito, a jera sakamakon a allo. Za su taru a tsakiya kamar tsibin gyaɗa, su sirance a gefe. Sai a nuna musu inda 31 take, can nesa inda ba wanda ya kai. Iyaye kuma, in an kawo sabon magani ko iri ko taki, a yi tambaya uku: mutum nawa aka gwada, da wa aka kwatanta, kuma wa ya zaɓi wanda zai samu? Wannan ba jayayya da ƙaddara ba ce, tantance sababi ne kafin a riƙe shi. Allah Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.