Yadda Aka Fara Mai da Masu Shari'a Makaranta a Arewacin Nijeriya

Lauyan da ya buɗe ofis a Unguwar Rimi cikin Kaduna, ko da ya shekara talatin yana tsayawa gaban alƙalai, ya san cewa tun shekarar 2007 aka rubuta cikin ƙa'idodin sana'arsa lalle ne ya riƙa komawa yana ƙaro karatu. Mutane da yawa suna ɗaukar wannan baƙon abu ne da aka kwaso daga ƙasashen Turawa. Amma in an bi tarihi, za a ga a wannan gari na Kaduna, ba nisa da Unguwar Rimi, aka taɓa yanke shawara irin wannan tun kafin samun mulkin kai. Sai dai a sa'an nan alƙalai ta faɗa wa, ba lauyoyi ba.

A zamanin da, alƙali a ƙasar Hausa ba ya da ranar gama karatu. Yakan tashi a zauren malaminsa, ya karanta Risala da Muhtasar da Tuhfa, bayan an naɗa shi kuma ba ya daina zuwa ɗaukar karatu ko tambayar manyan malamai abin da ya shige masa duhu. Ba wata doka da ta tilasta masa, kunya ce da tsoron Allah. Cikin 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan domin a horar da waɗanda za su yi wa En'e-En'e aikin alƙalanci. Ita ce aka mayar Makarantar Koyon Larabci a 1947. Amma wannan horo na masu shirin kama aiki ne. Wanda ya riga ya hau buzu ba a taɓa ce masa ya sauko ya koma aji ba.

Abin da ya kawo sauyi shi ne gabatowar mulkin kai. Ƙananan ƙabilu da waɗanda ba Musulmi ba sun nuna tsoronsu game da hukuncin laifuffuka a kotunan alƙalai, Gwamnatin Ingila kuwa ta matsa a daidaita al'amarin kafin ta saki ragama. Saboda haka Gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Firimiya Alhaji Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta kira wani kwamiti na masana shari'a ya zauna a Kaduna cikin 1958. Shugabansa shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Alƙalin Alƙalan Sudan. Akwai kuma Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Fakistan, da Farfesa Anderson daga Landan, da mutum uku na gida, watau Shettima Kashim Wazirin Barno, da Peter Achimugu, da Malam Musa Babban Alƙalin Bida.

Kwamitin ya ba da shawara a yi doka guda ta hukunta laifuffuka wadda za ta hau kan kowa, a ɗauko tsarinta daga ta Sudan, wadda ita ma daga ta Indiya aka samo ta. Majalisun Jihar Arewa suka zartar da ita a 1959, ita ce jama'a suka sani da suna Final Kod. Aka bi ta da dokar tsarin shari'ar laifuffuka, duka biyu suka fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe samun mulkin kai.

To, a nan wuyar take. Mafi yawan ƙararrakin talakawa a kotunan alƙalai da na gargajiya ake yanke su, lauyoyi kuma a lokacin ba su da izinin shiga waɗannan kotuna. Ke nan babu mai tsaya wa wanda ake tuhuma sai sanin alƙalin kansa. In ya jahilci sabuwar doka, sai a ɗaure marar laifi ko a saki mai laifi, ba mai cewa uffan. Ga shi kuwa yawancinsu dattawa ne da suka ƙware a littattafan Malikiyya, ba su taɓa aiki da doka mai sassa da lambobi ba. Ba yadda za a yi sai su koma makaranta, gemu dai ba ya hana ilmi.

Aka ɗora wannan nauyi a kan Makarantar Koyon Aikin Mulki ta Kongo a Zariya. Aka riƙa kiran alƙalai da muhutai da magatakardan kotu rukuni rukuni suna yin kwas. Aka juya dokokin zuwa Hausa, domin kowa ya karanta da harshen da yake yanke hukunci da shi. Har wa yau aka yi wata dabara: aka rubuta cewa da fari dokokin za su zama jagora ne ga kotunan alƙalai, ba za a rushe hukunci saboda ɗan kuskuren tsari kaɗai ba muddin ba a zalunci kowa ba. Wannan ya ba su sararin koyo suna cikin aiki. Kwamitin ya komo a 1962 ya duba yadda abin ya tafi. A shekarar nan kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, sashen shari'a na Kongo ya zama tushen tsangayarta ta shari'a.

Su kuwa lauyoyi, hanyarsu dabam ce. Kafin 1962 a Ingila ake horar da su. A shekarar aka yi dokar da ta kafa Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, ta buɗe a Ikko cikin Janairun 1963. Wanda ya fito daga cikinta aka rubuta sunansa a Kotun Ƙoli, shi ke nan, ba mai sake tambayarsa karatu. Haka abin yake ko a ƙasashen waje, sai a 1975 jihar Minasota ta Amurka ta fara wajabta wa lauyoyinta ƙarin karatu, wasu jihohi suka bi sawu. A Nijeriya alƙalai ne suka sake riga lauyoyi, domin a 1991 aka kafa Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa. Sai a 2007 ƙa'ida ta 11 cikin ƙa'idodin aikin lauya ta ce duk mai son ci gaba da sana'ar ya shiga shirin ƙarin ilmi na Ƙungiyar Lauyoyin Nijeriya. Aka maimaita sharaɗin a sababbin ƙa'idodin 2023, ko da yake lauyoyi sun yi ta gardama a kan kuɗin kwas da kuma ikon ƙungiyar na hana mutum aiki.

Dalilin dai bai sauya ba, watau doka ba ta tsayawa wuri ɗaya. Dokar shaida ta 2011 ta kawo sharuɗɗan karɓar shaidar da aka ciro daga kwamfuta. A 2015 aka yi sabuwar dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta Tarayya, a 2017 kuma Jihar Kaduna ta yi tata, ta kuma sake Final Kod ɗin nan da aka sha wahalar koya wa alƙalai. Lauyan da ya tsaya a kan abin da ya karanta a 1990 yana iya kai mai gaskiya kurkuku.

Abin lura a cikin aikin 1959 shi ne ba a tsaya ga tilasci kaɗai ba. An tanadi makaranta da malamai, an kawo littafi cikin harshen da mai koyo yake ji, sa'an nan an yi haƙuri da shi har ya iya. Duk wanda zai wajabta wa lauyoyi komawa aji, ya kamata ya dubi waɗannan abubuwa uku, domin wanda zai ci ribar karatun ko ya ɗanɗana rashinsa shi ne talakan da ke tsaye gaban shari'a.