Juan Soto: idon da ya gajarta masa hanya

A wasan besbol na Amurka, ba kasafai ake shiga babbar gasar MLB kai tsaye ba. Kowace daga cikin ƙungiyoyi 30 tana da ƙananan ƙungiyoyi da take renon matasa a cikinsu, daga rukunin sababbin shiga har zuwa Triple-A, wanda shi ne bakin ƙofa. Hawan yakan ci shekaru, kuma mafi yawan waɗanda suka fara a hanya suke tsayawa. Juan Soto kuwa a 2018 ya tashi daga ƙasan tsanin ya kai ƙololuwa cikin ƙasa da wata biyu.

An haife shi a Santo Domingo, Jamhuriyar Dominika, a watan Oktoban 1998. Ƙungiyar Washington Nationals ta ɗauke shi a Yulin 2015 yana da shekara 16, kan dala miliyan 1.5. Rauni a idon sawu da hannu ya cinye masa mafi yawan kakar 2017, don haka a Hagerstown, ƙaramin rukuni, ya fara 2018. Ya buga wasa 16 a can, sai 15 a Potomac da 8 a Harrisburg, rukunonin da ke gaba. Triple-A ko leƙa ta bai yi ba.

Dole a faɗi gaskiya, larura ce ta buɗe masa ƙofa. 'Yan wasan bayan fili na Washington sun yi ta jin rauni, ciki har da Adam Eaton da Victor Robles, wanda a lokacin ake ganin ya fi Soto kusa da shiga. Da jijiyar dunduniyar Howie Kendrick, wani ɗan wasan ƙungiyar, ta tsinke, sai aka kira yaron. Ranar 20 ga Mayu ya fara fitowa, aka fitar da shi bai taɓuka komai ba. Washegari, a karawa da San Diego Padres, jifar farko da mai jifarsu Robbie Erlin ya yi masa ya doke ta ta tsallake katanga, maki uku a take.

Sai dai larura tana iya kawo mutum, ba ta iya zaunar da shi. Abin da ya zaunar da Soto, a ganina, idonsa ne. Ƙa'idar wasan ita ce, idan mai jifa ya kauce wa da'irar da aka yarda sau huɗu, mai bugu kuma ya ƙi kai sanda, to ya wuce zangon farko kyauta. Babban darasin da ƙananan rukunoni ke koyarwa ke nan: rarrabe jifa mai kyau da ta yaudara, wadda ke tahowa kamar za ta shiga da'ira, sai ta karkace ta faɗi ƙasa. Nan matasa masu ƙarfi suke tuntuɓe, su yi ta dukan iska. Soto ya zo da wannan ilimi a hannu. A wasa 116 na kakarsa ta farko ya wuce kyauta sau 79, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 22, kuma cikin kowane zuwa goma da ya yi bugu, ya isa zango a kusan huɗu. Duk wannan yana ɗan shekara 19.

Wanda ya kalle shi zai ga haka da idonsa. In ya bar jifa ta wuce, sai ya duƙa, ya share ƙasa da ƙafa, ya ƙura wa mai jifa ido. In kuwa saura kuskure ɗaya a fitar da shi, sai ya ƙara buɗe ƙafafu, ya rage faɗin lilon sandarsa. Wannan aikin mai lissafi ne.

Ya zo na biyu bayan Ronald Acuña Jr. a kyautar gwarzon sabon ɗan wasa. A 2019 ya taimaka wa Washington ta doke Houston Astros ta ɗauki kofin World Series, yana cika shekara 21 ana tsakiyar wasannin.

Kuskure ne ƙungiyoyi su mai da shi ma'auni su riƙa gaggauta matasa. Yaron da bai iya barin jifar banza ta wuce ba, yana bukatar kowane mataki na tsanin. Soto ya tsallake ne domin abin da za a koya masa a can ya riga ya iya shi.