Yadda Mita Ta Kafu a Duniya: Gudunmawar Masana da Aikin Malaman Firamare

Ranar 20 ga Mayun 2025 aka cika shekara 150 cif da wakilan ƙasashe 17 suka zauna a birnin Paris suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar mita. A wajenmu ba kowa ya ma san da zancen ba. Amma duk yaron da malamin kimiyya ya taɓa tsayarwa gaban allo yana tambayarsa santimita nawa ne a kilomita ɗaya, gadon wannan takarda yake ci. Shi ya sa ya dace a tambaya: ina wannan awo ya fito, kuma me ya sa shi ne ya zauna da gindinsa, sauran suka ja baya?

Tun fil azal jikin mutum ne ma'auninsa. Misirawan dā sun yi gini da kamu, Rumawa sun auna hanya da taku dubu, wanda daga nan kalmar mil ta fito, kakanninmu kuma suna da taƙi da kamu da gaba. Matsalar ita ce hannun wani ya fi na wani tsawo. Sarakuna sun sha yin doka a kan haka. Ko takardar Magna Carta ta 1215 ta ce a yi awo ɗaya na hatsi a faɗin Ingila. Doka ta yi ta zuwa tana wucewa, kowace kasuwa na nan da nata.

A Faransa ne abin ya kai intaha. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kafin juyin juya halin 1789 akwai sunayen awo wajen 800, kuma suna ɗaya kan ɗauki ma'ana dabam daga gari zuwa gari. Mai ƙasa ke riƙe da ma'aunin da ake karɓar haraji da shi. In zai karɓa, sai a cika a yi tozo. In zai sayar, sai a shafe baki. Da aka ba talakawa dama su rubuto koke-kokensu a 1789, ƙauyuka da dama abu ɗaya suka roƙa: a yi awo guda ga kowa. Wato mita daga kukan tauye mudu ta fito, kafin ta shiga ɗakin bincike.

A 1790 wani ɗan majalisa mai suna Talleyrand ya kai maganar majalisa. Shawararsa ita ce a rataya ƙarfe a igiya, a ɗauki tsawon igiyar da lilonta ke cin daƙiƙa ɗaya. Sai dai ƙarfin jan ƙasa ba ɗaya yake a ko'ina ba, don haka tsawon zai bambanta. A 1791 kwamitin masana da ya haɗa da Borda da Lagrange da Laplace da Condorcet ya zaɓi duniyar kanta: a raba nisan da ke tsakanin ƙuryar arewa da layin da ya raba duniya biyu gida miliyan goma, kaso ɗaya shi ne mita.

Faɗa da baki ba wuya. A 1792 masana taurari biyu suka bar Paris don auna tsakanin Dunkirk da Basalona, Delambre ya yi arewa, Méchain ya yi kudu. Hasumiyar coci suke hawa, ko kan tudu, su hango wata hasumiyar, su auna kusurwa, su yi ta jera kusurwa-uku har su haɗe, alhali ƙasa na cikin wuta. Mutanen ƙauye sun sha tsare Delambre, suna ganin baƙo da madubin hange ba zai wuce ɗan leƙen asiri ba. Yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Sifen ya rutsa da Méchain a can. Lavoisier, wanda ya yi aikin auna nauyin ruwa don fitar da kilo, an fille masa kai a 1794, Condorcet kuma ya mutu a kurkuku a shekarar. Méchain ya tarar da saɓani tsakanin awonsa biyu na Basalona, ya ɓoye, abin ya yi ta cin ransa har ya rasu a Sifen a 1804. Duk da haka aiki ya kammala, a Yunin 1799 aka ajiye sandar mita ta filatinam da dunƙulen kilo a ma'ajiyar takardun gwamnati.

To, me ya sa mita ta yi nasara? Bayani uku aka fi ji, kuma babu wanda ya gamsar da ni. Na farko, wai don an ciro ta daga halittar duniya. Ai sandar 1799 ta gaza abin da aka nufa da kimanin milimita 0.2, saboda duniya ba ta da siffar da aka zata. Da aka gano, ba wanda ya sake tsawon mitar. Abin da aka amince da shi ya rinjayi abin da aka auno.

Na biyu, wai takobin Napoleon ne ya yaɗa ta. Gaskiya rundunarsa ta kai ta ƙasashen da ta mamaye, amma shi da kansa ne a 1812 ya sassauta, ya ƙyale 'yan kasuwa su koma ga tsofaffin sunaye. Holan kuwa sai a 1820 ta tilasta mita, bayan faɗuwarsa.

Na uku, wai lissafin goma-goma ya fi sauƙi, don haka mutane suka rungume shi. Sauƙin kam babu musu. Kilomita 2.5 mita 2,500 ce, santimita 250,000, ɗigo kawai ake matsarwa. Mil 2.5 kuwa sai ka ninka da 5,280 ka sami ƙafa 13,200, ka sake ninkawa da 12 ka sami inci 158,400. Amma in sauƙi kaɗai ke sa a karɓi abu, ina agogon goma-goma? Gwamnatin juyin juya halin ta raba yini sa'a goma, kowace sa'a minti ɗari, a 1795 aka jingine shi. A arewa maso gabashin Brazil ma, a 1874 talakawa suka shiga kasuwanni suna farfasa sikelin kilo, don suna ganin dabara ce ta ƙara musu haraji. Mutum ba ya sakin abin da ya saba da shi don an ce sabon ya fi.

Ni a ganina malamin firamare ne ya kafa mita. A 1833 Faransa ta yi dokar Guizot, wadda ta wajabta wa kowace gunduma buɗe makarantar firamare, kuma cikin darussan dole har da awo da nauyi na hukuma. Shekara huɗu bayan haka, a 1837, aka yi dokar da ta haramta tsofaffin ma'aunai daga 1 ga Janairun 1840. A wannan karon doka ta zauna, ko da yake karkara ta daɗe tana jan ƙafa, domin ana ta yaye yaran da suka riƙe sandar mita da hannunsu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da ya biyo baya gyaran fuska ne na masana: sabuwar sanda a 1889, tsarin awo na duniya, SI, a 1960, ɗaure mita da gudun haske a 1983, sai kilo da aka raba da dunƙulen ƙarfensa a 2019.

Amurka ta isa misali. Ta halatta mita tun 1866, tana cikin ƙasashe 17 na 1875, incinta ma tun 1959 santimita 2.54 ne daidai. Amma yaro na jin mita a darasin kimiyya kawai, ya koma gida ya tarar da mil da galan. Sakamakon ya bayyana a 1999, lokacin da kumbon NASA ya salwanta a duniyar Mars saboda wani rukunin injiniyoyi ya ba da alƙaluma da awon laba, ɗaya rukunin ya ɗauka na mita ne.

Mu ma ƙafarmu biyu. Nijeriya ta koma mita a shekarun 1970, daidai lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973. Nijar kuwa daga Faransa ta gaje ta. Mai a lita muke sha, siminti buhun kilo 50. Amma shadda yadi ce, kafinta da inci yake yanka katako, fili ƙafa 50 da 100 ne, gero kuwa daga Dawanau har Maraɗi mudu ne da tiya, kuma na wannan kasuwa ba lalle ya zo daidai da na waccan ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke koyarwa. Yaro ya haddace kilo da santi da mili, amma ka tambaye shi santimita murabba'i nawa ne a mita murabba'i ɗaya, ya ce 100, alhali 10,000 ne, don bai taɓa zana shi a ƙasa ba. A ba shi kwali ya haɗa akwati mai santimita goma ta kowane gefe, ya gane lita ke nan, kuma ruwan da zai cika shi kilo ɗaya ne. A sa 'yan aji su kawo gero mudu guda daga masu awo dabam-dabam, a ɗora a sikeli, su rubuta bambancin da hannunsu. Wannan ba ya buƙatar ɗakin gwaji ko kasafin kuɗi. Yaron da ya yi haka ba zai rikice a jarrabawa ba, kuma in ya girma ba za a tauye masa mudu ya yi shiru ba.