Lahadi da Layin Ruwa: Lokacin Ibada a Ƙasar Noman Rani ta Kano

Kiristoci tsiraru ne a yankin Madobi, Kura da Bunkure, kuma tarihin ibadarsu reshe ne na tarihin mishan a ƙasar Kano, wanda ya fara da ƙofa a rufe. A 1900 Bishof Tugwell da Likita Walter Miller suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin ƴan kwanaki, kuma bayan cin Kano a 1903 Turawan mulki sun daɗe suna hana wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 ƙungiyar mishan ta SIM ta sami shiga ta hanyar jinyar kutare, kamar a Yadakunya, daga baya ta buɗe tashoshi a wurare irin su Karaye da Roni, da makarantar koyon Littafi Mai Tsarki a Tofa. Mafi yawan waɗanda suka karɓi bishara Maguzawa ne, wato Hausawan karkara da suka riƙe addinin gargajiya, kuma tun 1932 akwai cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki da Hausa da za a karantar da su.

Abubuwa biyu aka fi nanata wa sabon mai bi: addu'ar safe, wato karatu da roƙon Allah kafin a saɓa fartanya, da kiyaye Lahadi, ranar da ake ajiye aiki a tafi sujada, kamar yadda Kiristocin Hausa ke kiran taron ibada a majami'a. Masu bishara sun dogara da doka ta huɗu cikin Dokoki Goma, da labarin Marta da Maryamu a bisharar Luka, inda aka yaba wa wadda ta zauna sauraro a kan wadda hidimar baƙi ta ɗauke wa hankali. Wannan koyarwa ta yi nauyi a tsarin gandu, inda ƴaƴa da ƙanne ke noma tare ƙarƙashin maigida, domin saurayin da ya ƙi fita gona ran Lahadi a tsakiyar noman farko ya rage hannu ɗaya a damina mai watanni huɗu, kuma idan maigidan bai bi sabon addinin ba, ana ɗaukar hutun nasa a matsayin rashin biyayya.

Sai dai tsohuwar shekarar noma tana da nata sauƙi, wanda ba a cika lura da shi ba. Da an gama kaka, an kai dammunan dawa da gero majami'a don bikin godiya, sai rani ya zo da watanni na sarari, kuma a cikinsu ne ake azuzuwan koyon karatu, da tarurrukan Zumuntar Mata, da fita wa'azi ƙauye-ƙauye. Ikilisiyar ECWA, wadda aka kafa a 1954 daga aikin SIM, ta gaji wannan tsari, haka ma shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960. Ke nan rabon lokaci tsakanin Allah da gona, yanayi ne ya yi wa mutane rabinsa.

Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ita ta rushe wannan rabo. Ruwanta ya bi magudanai zuwa Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam, daga baya aikin ban ruwan ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, sai ranin da dā ake hutawa ya zama lokacin alkama, tumatir, albasa da shinkafa. Noman ban ruwa ba ya jira: mai gona yana shayarwa ne lokacin da ruwa ya iso layinsa, tumatir idan ya nuna dole a tsinke shi a kai kasuwa irin ta Kwanar Gafan kafin ya ruɓe, ɗan ƙwadago kuwa ranar da bai fita ba babu lada. Maƙwabci Musulmi yana da tasa jarrabawar wajen kiyaye salloli a kan lokaci, amma Juma'a ba ta hana shi komawa aiki bayan an idar da salla, alhali koyarwar mishan ta nemi yinin Lahadi gaba ɗaya.

Saboda haka nauyin ya sauka daga kan kalandar ikilisiya ya koma kan kowane gida, inda addu'ar asuba kafin fita, da sujadar safiyar Lahadi, suka zama abin da manomi ke karewa da asarar da ake iya ƙirgawa da kwando ko buhu. Kuskure ne a ɗauka cewa Kiristan fadama na yau ya kasa kakansa himma, domin kakan ya ba Allah watannin da gona ba ta buƙatarsa, shi kuwa jikan yana bayarwa ne daga lokacin da kasuwa ta riga ta sa wa farashi.