Daga Tikitin Abinci Zuwa Risho: Tarihin Makwancin Sabon Ɗalibi a Jami'a

Duk wanda ya taɓa ɗauko akwatin ƙarfe da naɗaɗɗiyar katifa daga Fakku, ya fito Tambuwal ya hau motar Sakkwato, ya ratsa Shagari da Boɗinga, ya san cewa ba karatu ke fara tsorata sabon ɗalibin jami'a ba. Abin da ke cin ransa tun cikin mota shi ne inda zai sa haƙarƙarinsa a daren farko. Mu da muka bi wannan hanya, yau kuma muke zaune a Sakkwato da Kaduna da Abuja da Legas, mun saba ba 'ya'yanmu labarin ɗakunan kwanan ɗalibai tamkar abin bai taɓa sauyawa ba. Alhali kuwa ɗakin da yayyenmu suka shiga daban, wanda muka tarar daban, wanda ƙannenmu ke fafutukar samu yanzu kuma daban.

Tushen al'amarin daga Ibadan yake. A 1948 Turawa suka buɗe kwalejin jami'a a can ƙarƙashin Jami'ar Landan, bisa tsarin cewa ɗalibi a cikin makaranta zai kwana, a ciki zai ci. Akwai masu dafa masa abinci, akwai masu wanke masa tufafi. Cikin gidajen kwanan da aka gina, irin su Mellanby da Tedder da Kuti, har da guda mai sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ko da yake 'yan Arewa da suka kwana cikinsu a wancan zamani 'yan ƙalilan ne.

Da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, wannan tsari ta gada. Ɗan ƙasar Sakkwato da ya sami gurbi, Zariya yake nufa, a Samaru a ba shi gado a Suleiman ko Danfodio ko Akenzua, 'yan mata kuma a kai su Amina. Ga tikitin abinci sau uku a yini, ga tallafin karatu daga Jihar Arewa maso Yamma. Uban yaro ba ya sayar da ko tunkiya don ɗansa ya sami makwanci. Daga bisani jami'a ta iso mana gida: a 1975 aka kafa Jami'ar Sakkwato tare da irin su Jos da Maiduguri da Kalaba, ta soma karatu cikin Oktoban 1977 da ɗalibai 93 kacal da malamai 33, ƙarƙashin shugabancin Farfesa Shehu Galadanci. A cikin gari ta fara zama kafin a koma mazaunin dindindin da ke Dundaye, a 1988 kuma aka sa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo.

To, ba a daɗe ba zamani ya fara juyawa. A 1978 aka ƙara kuɗin abincin ɗalibi na yini. Wannan ƙari shi ya haifar da boren da aka sani da "Ali Must Go", wanda aka raɗa wa sunan kwamishinan ilimi na tarayya na lokacin, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A shekarar ce kuma hukumar JAMB ta soma jarrabawarta, inda sabon shiga ya samo laƙabin "jambito" da tsofaffin ɗalibai ke tsokanarsa da shi har gobe. A 1984 gwamnatin soja ta janye tallafin ciyar da ɗalibai, shirin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya zo ya ƙarasa abin da ya rage.

Nan ne zamanin risho ya kama, kuma shi ne zamanin da akasarinmu muka sani. Yaron da bai taɓa hura wuta ba a gidansu, don akwai iyaye mata da ƙanne, sai ga shi tsugune a baranda yana gyaran lagwani, yana ƙirga sauran kananzir. Kayan da aka haɗa masa daga gida suka zama jarinsa: shinkafar fadama, wake, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa, yaji da man gyaɗa a galan. In wata ya yi nisa a koma tsarin da ake kira sifili-ɗaya-sifili, wato abinci sau ɗaya da rana, safe da dare kuma sai haƙuri ko garin kwaki. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu ya kwashi takwas ko goma, masu gado na sama, 'yan raɓe na ƙasa bisa tabarma, kowa na kaffa-kaffa da bokitinsa. Ba za mu ɓoye ba, a nan muka koyi abin da malami bai koyar ba. A nan Bafakke ya fara raba kwano da Bayarabe da ɗan Tibi, ya ji ana dariyar Sakkwatancinsa ya rama da dariyar Kananci. Amma a nan ne kuma muka ga waɗanda suka sulale suka koma gida tun zangon farko, ba don ƙwaƙwalwa ta gaza ba, sai don ba wurin kwana, ba kuma wanda suka sani a gari.

Ga 'ya'ya mata abin ya fi tsanani. Magidanci a ƙauye kan amince 'yarsa ta tafi idan aka ce masa tana da gado a ɗakin mata irin na Nana Asma'u, mai ƙofa da mai gadi. Idan aka ce haya za ta kama a waje, sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, takardar shiga jami'ar ta ƙare a ƙasan adaka.

Nisan mazaunin dindindin daga gari ma wani babi ne. Da ambaliyar Satumban 2010 ta karya gadar da ke kan hanyar jami'ar, an ga yadda rayuwar ɗalibi ta rataya a kan hanya guda, musamman wanda ke kwana wajen dangi cikin birni. Buɗe jami'ar Aliero a 2006 da Jami'ar Jihar Sakkwato daga bisani ya ƙara guraben karatu kusa da mu, amma gadaje ba su bi yawan ɗalibai ba.

Yanzu a yawancin jami'o'i ta intanet ake rabon gado. Yaron birni mai waya a hannu ya kama nasa tun da asuba, namu kuwa kafin labari ya kai masa, ya sami kuɗin mota ya fito inda zai cike takarda, an rufe. Sai ya sauka a tashar Sakkwato da akwatinsa, ya shiga laluben lambar wani ɗan gari da mahaifiyarsa ta ce tana jin yana zaune a Mabera ko Arkilla. A irin wannan lokaci na shekara, da yawanmu mun sha ganin baƙuwar lamba na kira bayan magariba, kuma mun san ko wane ne.